Idan Sitiyarin Tsohuwar A-Kori-Kura Ya Yi Lako-Lako

Hutu ya ƙarato, kuma na san da yawanku za ku koma garejin kanikawa, wasu kuma za su riƙa bin motar gida kai kaya kasuwa. Don haka filinmu na wannan mako zai leƙa ƙarƙashin a-kori-kura, musamman tsohuwar Toyota Hilux irin wadda ake loda wa buhunan masara, a ɗora mutum goma a samansu.

Ku lura da hannun direban irin wannan mota a kan miƙaƙƙiyar kwalta. Idan kuka ga yana ta kaɗa sitiyari dama da hagu alhali motar tana tafiya sak, to sitiyarin ya yi lako-lako. Direbobi kan ce ai sun saba da kayarsu. Sabon yana aiki ne har ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo titi: direba ya murza, amma taya ba ta amsa ba sai bayan motar ta ci wasu mitoci. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Ku lissafa da kanku, darasin fizik ne na aji huɗu.

Auna matsalar ba ya buƙatar kayan aiki. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyin gaba su miƙe. A juya sitiyari a hankali da ɗan yatsa har lokacin da taya ta fara motsi, a sa alama da alli, sannan a juya ɗaya ɓangaren. Littattafan gyara na Toyota sun ce wannan tazara kada ta wuce milimita 30, wato kamar faɗin yatsu biyu. Idan motar mai sitiyarin mai ce, a bar injin a kunne lokacin gwajin.

To daga ina lako-lakon ke fitowa? Tsakanin hannun direba da taya akwai mahaɗai da yawa. Sandar sitiyari tana sauka cikin wani akwatin ƙarfe da aka ɗaure a jikin shasi. Akwatin yana juya wani gajeren hannu, hannun yana tura doguwar sanda, ita kuma tana tura tayarod na dama da na hagu, su ne ke karkata tayoyi. A bakin kowace sanda akwai ƙwallon ƙarfe a cikin kwaskonsa, da giris, da robar da ta rufe shi. Idan robar ta yage, ƙura da ruwa su shiga, giris ya koma kamar yashi, ƙwallon ya cinye. Kowace mahaɗa ta ba da ɗan nata sakaci, idan aka tara sai ya zama babba a hannun direba.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, ɗaya ya duƙa da tocila yana bin mahaɗan ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ƙarfe ɗaya ya motsa amma na kusa da shi ya yi jinkiri, nan ɓarnar take. A duba har da notocin da suka riƙe akwatin, domin wani lokaci akwatin ne kansa ke rawa a jikin shasi, ko shasin ya tsage a wurin. Daga nan a ɗaga gaban mota da jak. A riƙe taya a gefe da gefe a girgiza: idan ta yi ƙwas-ƙwas, a tuhumi tayarod. A riƙe sama da ƙasa: idan ta motsa, boris ne ko boljoyin. Kuma don Allah kada wanda ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa mata matokari mai ƙarfi, a tare tayoyin baya da dutse.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaggawar da ake yi zuwa ga sukurun da ke saman akwatin. Akwai shi kuwa, da noti mai kulle shi, kuma ɗaure shi yana rage tazarar da ke tsakanin haƙoran ciki. Shi ya sa wasu ke fara wa da shi: minti biyar, an karɓi kuɗi, mai mota ya ji sitiyari ya yi tauri ya tafi yana murna. Amma tauri daban, lafiya daban. Idan tayarod ne ya cinye, yana nan a cinyensa. Idan kuma aka matse sukurun fiye da kima, sitiyari zai daina komowa da kansa bayan an sha kwana, haƙoran su riƙa cin juna har akwatin ya lalace. Shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa, tayoyi a miƙe, a juya shi bai wuce rubu'in zagaye ba, a kulle, a gwada.

Tsohuwar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tsarinta daban ne: doguwar sanda ce mai haƙora, ba irin wannan akwati ba. A nan an fi duba robobin gefe biyu da mahaɗan da ke cikinsu.

Ƙwallon da ya cinye ba a gyara shi, canzawa ake yi. Bubbuga kwaskon da guduma ko cusa masa robar tsohon tub yana ɓoye ƙarar ne na 'yan kwanaki, kuma ranar da ƙwallon ya fice, tayar ta daina jin maganar direba gaba ɗaya. Wajen kwance tsohon tayarod, a ƙirga zagaye nawa aka yi, a mayar da sabon daidai haka. A ɗaure notinsa, a zura masa filinsa na kulle a lanƙwasa. Sannan a kai mota wajen masu alaimen, in ba haka ba sabuwar taya za ta suɗe gefe ɗaya kafin a kammala girbi.

Idan maigidanku a gareji ya nufi sukurun nan kai tsaye, kada ku yi masa gardama a gaban mai mota. Ku ce, "Oga, in kaɗa maka sitiyarin ka duba ƙasa tukuna?" Mako mai zuwa, in sha Allahu, za mu duba birkin da sai an taka sau biyu yake kamawa.