Filin 'Yan Mata: Kafin A Kafa Gado, A Duba Taga

 Yau zancen ɗaki zan yi, wato ɗakin da za a kai ki ranar da aka ɗaura, inda za ki kwana ki tashi, ki yi goyon ciki, ki yi jego, ki raini 'ya'yanki.

Kowa ta san yadda muke yi idan biki ya matso. Iyayenmu mata su shekara suna zubin adashi, a sayi gado da katifa da sif da kujeru, ga kwanuka da tangaran, ga labulaye masu nauyi har ƙasa. Ranar jere gwaggwanni da yayye su ɗunguma zuwa gidan, abin da za su auna kawai shi ne ko bango zai ɗauki gado da sif. In taga ta tare musu hanya sai ki ji wata ta ce, "Ku jingina sif ɗin a nan, ai taga ba ado ba ce." Shi ke nan an toshe ta, an rangaɗa guɗa, kowa ta kama gabanta. Ita kuwa amarya an bar ta a ɗakin da iska ba ta ratsawa, rana ba ta leƙowa. Bayan wata shida a ce ta rame, ba ta rabo da tari da ciwon kai, sai a fara zargin kishiya ko uwar miji, a yi ta yawon neman magani, alhali ciwon yana nan cikin bangon nan huɗu.

Bari mu fara da tagar. Cutar sanƙarau ta numfashi ake ɗaukarta, ta tari da atishawa, kuma ta fi samun yadda take so a inda mutane suka cunkushe suka kwana a ɗaki rufe. Lokacinta shi ne daga hunturu zuwa bazara, sa'ad da ƙura da bushewar iska suke raunata hanci da maƙogwaro. Ku tambayi iyayenku abin da ya faru a 1996. A shekarar nan mutum sama da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, Kano tana cikin wuraren da abin ya fi muni, kuma a cikin waɗanda suka tashi akwai waɗanda suka kurumce har abada. Yanzu akwai allurar rigakafi, a 2024 ma Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga iri biyar na ƙwayar cutar. To amma allura ba ta buɗe taga. Haka tarin fuka, shi ma a iska yake yawo, mai shi ya yi tari a ɗakin da babu mafitar iska sai ƙwayar ta daɗe tana shawagi, duk wanda ke ciki ya shaƙa. Tarin da ya wuce mako biyu a je asibiti a gwada, ana ba da maganinsa kyauta a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha.

Sai hayaƙi. A gidajen haya da yawa babu madafi, mace a bakin ƙofarta take girki, in ruwa ya sauko ta ja risho ko kurfoti cikin ɗaki, ga jariri a goye yana shaƙa tare da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa don su ne a gindin murhu. Shi ke kawo wa yaro ciwon haƙarƙari, ki ga yana numfashi sama-sama. Wanda ya fi ba ni tsoro ma shi ne na gawayi da janareta. Suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, mutum yana barci za ta ɗauke shi. Don Allah 'yan uwa, komai sanyin hunturu kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe, janareta kuma a fitar da shi fili, nesa da ƙofa da taga, ko da maigida zai ce ɓarayi yake gudu.

Ki duba bango kuma. Ango yakan sa a shafa sabon fenti ana saura kwana uku, kyan ɗan maciji ke nan. A kai hannu ƙasan bangon a taɓa, in da sanyi, ko fentin yana kumbura yana ɓarewa, to ɗakin yana jan danshi. A ɗaga kai a dubi silin, in da shatar ruwa to kwano yana yoyo. Danshi shi ke haifar da fumfuna, wannan baƙi-baƙin da ke fitowa bayan sif da ƙarƙashin katifa, yana tayar da asma, yana sa yara tari da mura da ba sa ƙarewa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ba ƙadangare kaɗai ba, har da kuɗin cizo da kyankyaso da ɓera. Ɓeran nan kada ku raina shi, fitsarinsa da kashinsa a kan abinci su ke kawo zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno.

Mu fito tsakar gida. Gida mai ɗaki goma, bandaki ɗaya, ga rijiya ga masai taku kaɗan tsakaninsu. Masana lafiya suna so a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, domin ƙazanta tana bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwan, musamman da damina. Ruwan zai fito garau a guga, amma ciwo yana ciki. Ta nan amai da gudawa da taifot suke shigowa gida. A 2021 mutum sama da 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka mutu, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna kan gaba.

Ruwan da ya kwanta a tsakar gida ko a ƙofar gida kuwa gonar sauro ce, cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwai ya zama sauro mai cizo. Wannan ya shafe ki kai tsaye, amarya, domin mai cikin fari tana cikin waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya fi wahalarwa. Yana ƙarar mata da jini, yana sa a haifi jariri ɗan mitsitsi, wani lokaci ma cikin ya zube. Gidan sauro mai magani ya fi labulen zinari amfani a ɗakinki, a sa shi cikin lissafin kayan ɗaki tun farko.

Na san abin da wata za ta ce: "Yaya, ni da kunya ta hana ni ko tambayar unguwar da za a kai ni, ta yaya zan ce a duba mini masai?" Gaskiyarki, ba ke za ki je ba. Amma kina da uwa, kina da gwaggo ko yayar da kike sakewa da ita. Ki raɗa mata tun kafin a biya kuɗin haya, domin in an biya magana ta ƙare. Ta je da rana tsaka ta ji zafin ɗakin, ta ga tagogi nawa ne kuma ko suna kallon juna yadda iska za ta shiga ta fita, ta tambayi matan gidan ina suke samun ruwan sha, ina ruwa yake bi in an yi sama, mutum nawa ke shiga bandaki ɗaya. Matan gidan haya ba sa ɓoye irin wannan, da ma mai tambaya suke jira.

Wata kuma za ta ce talauci ne, wa ya ƙi gida mai kyau? Haka ne, kuma ba ina zuga ku ku raina samarinku masu ƙaramin ƙarfi ba ne. Akwai abin da ya fi ƙarfinki, gina magudanar ruwa da kawo famfo aikin hukuma ne, gyaran rufi da yashe masai haƙƙi ne a kan mai gida, 'yan haya su haɗa baki su tuna masa. Amma akwai abin da ke hannunku. Ɗaki ɗaya mai taga biyu ya fi ciki da falo marar iska. Kuɗin kujera ɗaya zai sa wa tagogi raga, ya toshe ramukan ɓera da siminti. A rage kayan jere yadda ɗaki zai yi numfashi, sauran a bar su a gida, ba gudu za su yi ba. A riƙa ɗage labule da safe, a shanya katifa a rana, a rufe abinci da randa, a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu bayan an fito bandaki.

Kuma ki lura da yadda saurayinki zai karɓi maganar. Wanda ya ce bari ya kira magini a fasa wata tagar, wannan ya san darajar lafiyarki. Wanda ya ɗaure fuska ya ce kin cika iyayi, to ki fara tunanin yadda zai yi ranar da ɗanki ya kwana yana tari.

Ku kuma ƙannena na makarantun kwana, ba sai kun jira aure ba. In kun ga an cusa ku a ɗakin kwana ana rufe tagogi da dare, ku yi wa uwar ɗakinku magana cikin ladabi. In wata ta tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyanta ya sanƙare, kada a ce a bari sai da safe, a kai ta asibiti a lokacin.

A nan zan dakata, ina jiran wasiƙunku kamar kullum. Masu shirin biki Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.