Tsohuwar Windows A Sabuwar Kwamfuta: A Nemi Direba Kafin A Goge

Zancenmu na wannan mako daga ƙofar gidanmu na ɗauko shi, a Kubwa, inda wani dattijo maƙwabcina yake da ɗan shagon buga takardu. Shekara da shekaru da wata tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 yake neman abinci, yana buga wa jama'a katin biki da takardun neman aiki da kundin ɗalibai. Da ta gaji, sai ɗansa ya sayo masa kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka, mai ɗauke da Windows 10. Dattijo ya kwashe ayyukansa ya zuba a ciki, amma injinsa na buga takarda ya ƙi amsawa, manhajar PageMaker da ya saba da ita kuma ta yi ta gardama.

Ganin haka sai ya ɗauke ta ya kai wa wani mai gyara a Wuse, ya ce a mayar masa da Windows 7. Ran farko aikin ya tsaya cik, kwamfuta ta rubuto cewa ba ta ga wani direba ba. Kashegari mai gyara ya samo wani kwafi, ya goge ma'ajiyar kwamfutar ƙaf, ya ɗora. To, Windows 7 dai ta hau, amma rubutu ya kumbura a fuska, intanet babu, wurin da ake shafawa da yatsa kuma ya mutu. Ayyukan mutane na mako biyu sun tafi tare da gogewar. Da ya dawo ya kira ni, ya ce, "Ɗana, ni dai na san da tsohuwar zuma ake magani." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma wannan kwamfuta ba ta san zumar ba."

Mene ne direba? Ba na mota ba ne, ko da yake sunan ɗaya ne. Wata 'yar manhaja ce wadda take aikin tafinta tsakanin Windows da kowace gaɓa ta kwamfuta. Fuska da nata, sauti da nasa, kafar filas da nata, haka na'urar kama intanet. Kamfanin da ya ƙera gaɓar shi ne yake rubuta mata direba, kuma don wata Windows takamaimai yake rubutawa. Idan bai rubuta ba, to, babu gwanin da zai haifar da shi a Banex ko a wata kasuwa.

A nan ne shekaru suke da amfani. Kamfanin Microsoft ya fito da Windows 7 cikin watan Oktoba na 2009, lokacin da kafar filas irin ta USB 3.0, watau wadda galibi cikinta shuɗi ne, ba ta bazu ba. Saboda haka babu direbanta a cikin kayan ɗora Windows 7 na asali. Sa'ad da aka kunna kwamfuta, ita da kanta take karanta filas ɗin ta tada aikin, sa'an nan ta miƙa wa Windows ragama. Ita kuwa Windows da ta waiwaya sai ta nemi filas ɗin da ta fito daga ciki ta rasa. Ma'anar saƙon nan ke nan da yake cewa babu direban CD ko DVD, alhali kuwa ba a sa faifai ba. A kwamfutocin da suka ɗan kwana biyu, maganin bai wuce a zare filas daga shuɗiyar kafa a mayar da shi baƙa ba. Amma tun daga zubi na shida na injin Intel, wanda ya fito cikin 2015, duk ƙafafun hanya ɗaya suke bi, don haka tilas sai an cusa direban cikin filas ɗin tun kafin a fara.

Bayan wannan akwai ma'ajiya. Sababbin kwamfutoci da yawa suna amfani da irin wadda ake kira NVMe, ita ma Windows 7 ta asali ba ta ganinta sai an ƙara mata gyaran da Microsoft ya fitar daga baya. Wanda bai san haka ba sai ya ce ma'ajiya ta ƙone, a sa mai kaya ya sayi wata a banza. Masu ɗora Windows XP ta 2001 sun sha irin wannan tun tuni: fuska ta yi shuɗi da lamba mai ƙarewa da 7B, magani kuwa a shiga BIOS a juya ma'ajiya daga AHCI zuwa IDE, in kwamfutar tana da wannan zaɓi. Har ila yau a cikin BIOS ɗin ne ake kashe Secure Boot a kunna Legacy ko CSM, gama Windows 7 ba ta tashi in ba a yi haka ba a galibin kwamfutoci.

Akwai kuma iyakar da dabara ba ta ƙetarewa. Cikin 2016 Microsoft ya ba da sanarwa cewa injin Intel daga zubi na bakwai zuwa sama Windows 10 kaɗai zai yi wa hidima, kamfanin Intel kuwa bai fitar da direban fuska na Windows 7 domin su ba. Gane zubi ba shi da wuya. A duba lambar injin: i5-6200U zubi na shida ne, i5-8250U na takwas, watau lambar farko bayan ɗan layin ita ce shaida, sai dai daga zubi na goma lambobi biyun farko ake dubawa. Ta maƙwabcina zubi na takwas ce. Da an yi wannan dubawa ta minti ɗaya, da ba a taɓa masa ma'ajiya ba.

To, ga shawarata ga wanda ya ga lalle sai ya koma tsohuwar Windows. Da farko ya kwashe duk ayyukansa zuwa wata ma'ajiya ta waje, ya buɗe su a wata kwamfutar ya tabbata sun kwafu. Na biyu, ya duba lambar samfurin da ke ƙarƙashin kwamfutar, ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ko HP ne ko Dell ko Lenovo, ya ga ko an jera Windows 7 cikin waɗanda take ɗauka. In ba a jera ba, ya haƙura. In an jera, ya sauke direbobin ya ajiye a filas tun kafin gogewa, musamman na intanet, domin wanda ba shi da shi ba shi da hanyar nemo sauran. Ya kuma lura ko 32-bit zai ɗora ko 64-bit, gama direban ɗaya ba ya aiki a ɗaya.

Bayan an ɗora, a fara da direban chipset, watau na babban allo, sa'an nan na fuska, da na intanet, da na sauti. Abin da ya rage zai bayyana a Device Manager da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa. A buɗe shi, a shiga Details, a zaɓi Hardware Ids. Lambobi huɗun da ke bin VEN su ne sunan maƙerin: 8086 Intel ke nan, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 10DE Nvidia. Waɗanda ke bin DEV kuwa su ne ita gaɓar kanta. Da su ake neman direba na ainihi, maimakon tarin direbobin nan da ake yawo da su a filas, waɗanda ba a san hannun da suka bi ba.

Ko da komai ya tafi daidai, sauran magana guda. Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, manhajar shiga intanet ta Chrome kuma ta tsaya mata a fitowa ta 109 a farkon 2023. Ba mu manta da WannaCry ba, cutar kwamfuta wadda cikin watan Mayu na 2017 ta kulle na'urori a ƙasashe wajen 150, har da na asibitocin Ingila, mafi yawansu kuwa masu Windows 7 ne waɗanda ba a yi wa gyara ba. A wancan lokaci akwai gyaran, sakaci aka yi. Yanzu kuwa gyaran ne babu. Don haka kwamfuta mai Windows 7 ta zauna a shago ta buga takarda, kada a shiga banki da ita. Ita ma Windows 10 wa'adinta na kowa da kowa ya cika ran 14 ga Oktoba 2025.

Shi dai maƙwabcina Windows 11 muka ɗora masa, tun da zubi na takwas yana ɗaukarta. Direban injin buga takardarsa kuwa ashe yana nan a shafin maƙerinsa, ba wanda ya nema tun farko. PageMaker, wadda fitowarta ta ƙarshe ita ce ta bakwai cikin 2001, muka yi mata ɗaki a cikin VirtualBox, manhajar da take barin tsohuwar Windows ta zauna a cikin sabuwa kamar baƙuwa. Aiki ya koma daidai, sai dai kundin wata ɗaliba mai shafi tamanin da ya sake bugawa daga farko, kyauta, tare da ba da haƙuri.

Kira na ga 'yan'uwa masu gyara shi ne su riƙa duba zubin inji da shafin maƙeri a gaban mai kaya, su kuma tambaye shi ko ya kwashe ayyukansa, kafin su kai hannu ga gogewa. Faɗa wa mutum cewa abin da yake so ba zai yiwu ba, shi ma gyara ne. Sai mako mai zuwa.