Yazawa Ko Gyaɗa: Wanne Zai Ceci Yaran Durun?

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a tsakaninmu akwai masu ganin cewa a riƙa niƙa ƙwallon yazawa ana ba yaran da tamowa ta kama a garuruwa irin su Durun, can yammacin Kano wajen Kabo da Gwarzo. Niyyar tana da kyau, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Amma mu dai muna ganin gyaɗa ce ta fi cancanta da wannan aiki.

Ba mu musun amfanin yazawa. Cikin giram 100 na ƙwallonta akwai kimanin giram 18 na sinadarin gina jiki da giram 44 na mai. To, gyaɗa kuwa tana da wajen giram 25 na sinadarin gina jiki, kuma manta ya ɗara. Har ila yau, manyan gonakin yazawa suna Kogi da Oyo da Enugu, galibin amfaninsu kuwa ɗanye ake kai shi Indiya da Biyetnam. Ɓawon ƙwallon yana da wani mai da ke ƙona fata, sai an gasa an fasa da ƙwarewa, shi ya sa take tsada. Uwar da ta rasa kuɗin sabulu, ina za ta sami na yazawa?

Duniya ma gyaɗa ta zaɓa. A 1996 likitan Faransa André Briend da abokin aikinsa suka haɗa Plumpy'Nut daga tunkuzar gyaɗa mai manta, garin madara, sukari, mai da sinadaran ƙarin lafiya. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, ba a dafawa, ba a zuba ruwa, uwa na iya ba ɗanta a gida. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubban yara magani da shi a Maraɗi, Nijeriya kuma ta soma irin wannan shiri a 2009. Abin kunya ne ƙasar da ta tara dalar gyaɗa, kafin farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 su rushe ta, ta zauna tana jiran agajin gyaɗa daga waje.

Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo su tabbata wannan magani bai yanke a asibitocin karkara ba, kuma a hukunta duk wanda ya karkatar da shi kasuwa. Malaman gona su koya wa manoma busar da gyaɗa sosai, domin wadda ta yi hunhuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Mu kuma idan mun je hutu, mu nuna wa iyayenmu mata yadda ake soya gero da waken suya da gyaɗa a niƙe a dama wa yaro kunu bayan ya cika wata 6, ana ci gaba da shayar da shi. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa ko ta yazawa ba a niƙa ba, domin tana iya shaƙe shi. Wanda kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafunsa suka kumbura, kunu ba zai wadatar da shi ba, a garzaya da shi asibiti.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya raya mana ƙannenmu, amin.