Suna a Littafi, Mutum Ba Ya Nan

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutanenmu, ya kamata a tsaya a kanta. Sai ka ji mai bi yana cewa bangaskiyarsa tsakaninsa da Allahnsa ce, yana addu'a a ɗakinsa, yana jin wa'azi a rediyo ko a waya, me zai kai shi majami'a? Sunansa yana cikin littafin ikilisiya tun ranar da aka yi masa baftisma. Katinsa yana can ƙarƙashin akwati. Shi kansa kuwa ba a ganinsa sai ranar Kirsimeti, ko ranar da yake neman takardar ɗaurin aure, ko ranar da aka yi masa rasuwa yana neman masu haƙa kabari. Wannan mutum bai san abin da ya shiga ba.

Kalmar ikilisiya daga Helenanci muka aro ta, ma'anarta taron jama'ar da aka kira. Taro ne, mutum ɗaya kuwa ba ya zama taro. Manzo Bulus, a 1 Korintiyawa sura 12, ya kwatanta ta da jiki mai gaɓoɓi da yawa, inda ido ba shi da ikon sallamar hannu. Marubucin Ibraniyawa, a sura 10, ya tsawata wa waɗanda suka saba ƙin zuwa taro, ashe ke nan ciwon tsoho ne. Amma ni wurin da ya fi kama ni shi ne Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni na farko da aka rubuta a ikilisiyar Urushalima a kan abincin gwauraye ya tashi, har aka zaɓi mutum bakwai, Istifanas a cikinsu, su kula da rabon. Zama ɗan ikilisiya a wancan zamani yana nufin in gwauruwa ta kwana da yunwa, kai za a tambaya.

Haka ma aka fara a ƙasar Kano. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana masu bishara aiki a cikin masarautu. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe ta hanyar jinyar kutare, mishan ɗin SIM ya kama aiki a Yadakunya. Da yawa cikin waɗanda suka fara ba da gaskiya a can mutane ne da ake gudun cin tuwo da su a kwano ɗaya. A ikilisiya suka sami wanda zai wanke musu gyambo, ya kira su 'yan'uwa. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, suka koyi karatunsa tare, a tabarma ɗaya. Da za ka ce wa ɗayansu ana iya bin Yesu daga nesa, da mamaki zai kama shi.

Mu da muke ƙasar Gaya da Ajingi ba mu da yawa, kowa ya sani. A birni, in mutum ɗaya ya ƙi zuwa sujada, benci ba ya nunawa. A ƙauyukan da ke kewaye da Gafasa, in gida ɗaya ya janye, an rasa mai ja waƙa, an rasa fartanya biyu ranar gayya a gonar mara lafiya, an rasa wanda zai ɗauki mai naƙuda a babur. Maƙwabtanmu Musulmi suna haɗa sahu sau biyar a rana, ba sa barin gawar ɗan'uwansu ta rasa masu rakiya. Suna kallonmu. Me za su ce game da Ubangijin da mabiyansa ba sa iya haɗuwa sau ɗaya a mako? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Waya tana kawo wa'azi, amma ba ta miƙa maka gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji, ba ta kuma kiranka gefe ta tsawata maka in ka karkace.

Za a ce majami'a cike take da gulma da munafunci. Gaskiya ne akwai su. Ikilisiyar Korinti ta fi tamu ɓarna: tsattsaguwa, kai juna ƙara, har da buguwa a wurin Jibin Ubangiji. Bulus bai ce wa masu gaskiyar cikinsu su koma gida ba. Ya ce su gyara, su jira juna a wurin cin jibin.

Shugabanni ma suna da nasu rabon laifin. Dattijon da ba ya duba littafin ikilisiya sai don ya ga wanda bai biya zakka da baiko ba, shi ne ya koya wa jama'a cewa zama ɗan ikilisiya ciniki ne. Har akan ji inda ake tsayar da jana'iza ana binciken kati, alhali ba wanda ya taka ƙofar mamacin wata shida da ya yi yana kwance. Wannan abin kunya ne. Saurayin da ya tafi Kano cin rani, dattawa su ba shi takarda zuwa ikilisiyar unguwar da zai sauka, su kuma bi sawu su ji ko ya kai ta. Wanda aka yi Lahadi uku ba a gan shi ba, a aiki mutum biyu gidansa kafin ta huɗu, su fara da tambayar ko akwai hatsi a rumbu.