Alamar fanka mai fuka-fuki uku: wa ya san ma'anarta?

Jiya da yamma, a hanyar dawowa daga ofis, cunkoso ya tare ni a Command Junction. Gabana wata tirela ce da alamomin haɗari a bayanta. Na tambayi mai keken da ke gefena me suke nufi, sai ya ce: "Yallaɓai, ai ado ne." Na yi dariya, amma abin ya tsaya min a rai.

Jama'a, ba ado ba ne. A dokokin duniya na jigilar kaya masu haɗari, lamba 3 na nufin ruwa mai kamawa da wuta, lamba 8 mai cin fata da ƙarfe. Lamba 7, mai hoton fanka, kayan da ke fitar da tururin nukiliya ne. Wani sharar kuma haɗari biyu gare shi: yana fitar da tururin, yana kuma ci ko kamawa da wuta. Irin wannan dole a manna masa alamomin duka biyu, don mai kai ɗauki ya san da me yake hulɗa.

Kar wani ya ce wannan maganar Turai ce. A Disamba 2018, daga cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, aka kawo tsohon makamashin yuraniyom filin jirgin saman Kaduna, aka mayar da shi Sin lafiya lau. Hukumar NNRA ce ke kula da irin waɗannan kaya a ƙasar nan. Manyan ayyuka ana tsare su.

Ni tsorona ƙananan ne. A 1987, a garin Goiânia na Brazil, 'yan gwangwan suka fasa wata tsohuwar na'urar asibiti, mutum huɗu suka rasu. Mu kuma mun san halinmu: mota ta faɗi, sai a ruga da jarka. Majiya a 2024 ba ta isa darasi ba? Fetur ma ana jin warinsa. Wannan ba wari, ba hayaƙi.

Shawarata: a koya wa direbobi, jami'an KASTLEA, 'yan kwana-kwana da 'yan gwangwan na Kakuri da Sabon Tasha waɗannan alamomi, da Hausa, a rediyo da tashoshin mota. Kai kuma, in ka ga fankar nan a jikin kayan da ya faɗi, ka ja baya, ka hana yara matsowa, ka kira hukuma.

Allah Ya tsare mu. Ku tura wa direban da kuka sani.