Layin Ko-ta-kwana: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ina gida da rahoton da ya wajaba in aika kafin la'asar. Layin da na dogara da shi ya ɗauke ɗif. Rahoton bai tafi ba sai washegari, kuma wanda ya ba ni aikin bai nemi jin uzuri ba, aiki na gaba wani ya bai wa. Tun daga ranar na sakankance cewa duk wanda yake aiki daga gida, abincinsa ya rataya a kan intanet, to layi na biyu ya zame masa dole.

Sai dai yadda jama'armu ke zaɓen wannan layi na ba ni mamaki. Mutum zai sayi na'urar intanet ta biyu, amma ya sanya mata sim na kamfanin da yake amfani da shi tun farko, wai don garaɓasar data. Ranar da kamfanin ya yi tuntuɓe, ai tare za su faɗi. Ko da kamfanonin sun bambanta ma, ya kamata mai karatu ya sani cewa sau da yawa hayar turken sadarwa guda suke yi daga kamfanoni irin su IHS. Idan man janareton turken ya ƙare, unguwa gaba ɗaya sai ta yi shiru.

Saboda haka, a nawa ra'ayi, kada a bi tallar 5G da ke kan allunan titi. A ari sim ɗin maƙwabci a gwada shi a ɗakin da ake aikin, da hantsi, sannan a sake gwadawa bayan sallar isha'i, sa'ar da kowa ya hau layi. A lura da saurin aikawa, domin taro ta bidiyo da shi ya dogara, kuma nan ne layuka da dama ke kasawa. Na'urar kuwa ta kasance mai batir, tunda mun san halin wutar lantarkinmu.

Batun kuɗi ma abin dubawa ne, musamman bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Layin jira ba ya buƙatar babban ƙunshin wata-wata. Ƙarami mai daɗewa bai ƙare ba ya wadatar. Amma a haɗa shi da lambar NIN, kuma a riƙa taɓa shi jefi-jefi, don layin da aka yi watsi da shi watanni kamfani kan rufe shi.

Akwai inda duk wannan dabara ba ta kaiwa. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa baki ɗaya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma sim goma bai amfani kowa ba. A irin wannan hali sai intanet na tauraron ɗan'adam, kamar Starlink da ya shigo Nijeriya a 2023, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin ma'aikatanmu.