Injin Ƙera Wasa: A Karanta Takarda Kafin A Aza Tubali

Jama'a, duk wanda ya zauna a kurmi, ko a Ikko ne ko Badun ko Fatakwal, ba sai an karanta masa bambancin gidan haya da gidan kai ba. Ya san yadda mutum zai gyara shago da kuɗinsa, ya sa silin, ya ja wuta, ya tara abokan ciniki, ran nan sai mai gida ya aiko cewa haya ta ninka, in ba za ka iya ba ka kwashe. Wannan magana ta haya ita nake so mu ɗauka yau mu kai ta wani wuri da yawancinmu iyaye ba mu saba leƙawa ba, watau sana'ar ƙera wasannin waya da na kwamfuta, wadda wasu daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun suka fara sa hannu a cikinta.

Yaron da ke son ƙera wasa ba ya farawa daga fili fetal. Akwai wata babbar manhaja da ake kira injin ƙera wasa, ita ce ke ɗauke da aikin wahala: zana hoto a fuskar waya, motsa mutum-mutumi, fitar da sauti, lissafin yadda abu zai faɗi ko ya yi karo da wani. Shi mai wasa sai ya ɗora labarinsa da zanensa da dokokin wasansa a kai. In ya shekara biyu yana wannan aiki, to wasan da injin sun zama jini da tsoka, ba a raba su sai da fiɗa. Saboda haka takardar lasisin injin daidai take da takardar filin da aka yi gini a kansa. Mafi yawan samari kuwa ba su karanta ta. Sukan danna wurin amincewa su wuce, tambayarsu ɗaya ce rak: kyauta ne ko na kuɗi? A ganina ba ita ce tambayar farko ba. Ta farko ita ce, wa ke da ikon sāke sharaɗi bayan ka gama gini?

Abin da ya faru da injin Unity ya isa misali. Wannan inji an fara shi a Denmak, ya fito a 2005, daga baya kamfanin ya koma Amurka da zama, kuma a kansa aka ƙera ɗimbin wasannin da ke cikin wayoyinmu. Ran 12 ga watan Satumba, 2023, kamfanin ya ba da sanarwa cewa daga 1 ga Janairu, 2024, zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowane saukar da wasa da aka yi a waya ko kwamfuta. Ga masu ƙaramin lasisi, da zarar wasa ya kawo dala 200,000 cikin wata 12, kuma an sauke shi sau 200,000 tun fitowarsa, to kowane sabon saukewa santi 20 ne. An yi ragi ga saukewar da aka yi a ƙasashe masu tasowa, gaskiya ne. Amma abin da ya tā da ƙura abu biyu ne. Na ɗaya, kamfanin ya ce shi zai ƙidaya saukewar da kansa, ta hanyar da bai bayyana ba sosai. Na biyu, kuma mafi muni, dokar za ta hau kan wasannin da aka riga aka gama aka kai kasuwa tun shekarun baya, in dai ana ci gaba da sauke su.

Mai karatu, ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A ce wasan kyauta ne wanda ke cin abinci daga talla, an sauke shi sau miliyan 3, ya kawo dala 200,000. Watau kowane mutum guda ya kawo wajen santi 7 ke nan. In aka ce ka biya santi 20 a kan kowane sabon mutum, to farin jinin wasanka ya zama bashi a wuyanka. Ko a kasuwar Mile 12 ba a taɓa jin dillalin da la'adarsa ta fi kuɗin buhun albasa ba.

Wani abin lura kuma, a 2019 wannan kamfani ya yi wa masu amfani da injinsa alkawari cewa wanda bai ɗauki sabon zubi ba yana iya zama a kan sharuɗɗan tsohon zubin da ya karɓa. Wannan sakin layi an cire shi daga takardar a 2023, kafin sanarwar, mutane da yawa ba su farga ba sai da wuta ta tashi.

Wutar kuwa ta tashi. Ƙananan kamfanoni suka yi ca, wasu suka rufe tallan da ke bi ta hannun Unity, wasu suka ce sun bar injin ke nan. Kamfanin Re-Logic, masu wasan Terraria, suka ba injin Godot gudummawar dala 100,000, suka ba wani mai suna FNA irinta. Kamfanin Mega Crit ya kwashe sabon wasansa, Slay the Spire 2, daga Unity ya mai da shi Godot. Cikin kwana 10 Unity ya nemi gafara ya sassauta: masu lasisin kyauta ba za su biya ba, tsofaffin wasanni ma an ɗauke musu, kuma kuɗin ba zai wuce kashi 2.5 cikin 100 na abin da wasa ya samu ba. Shugaban kamfanin, John Riccitiello, ya sauka a watan Oktoba na shekarar. A Satumba 2024 sabon shugaba, Matt Bromberg, ya soke harajin baki ɗaya, amma aka ƙara kuɗin babban lasisi, wanda a Janairu 2025 ya zama dala 2,200 a shekara ga kowane ma'aikaci guda. Bisa canjin shekarar 2025 ya haura naira miliyan 3.

Na san wani zai ce, ina ruwan ɗanmu da wannan, shi da bai taɓa ganin dala 200 a wasansa ba, balle 200,000? Kuma ai an soke. Haka ne, kuma ba zan ɓoye ba, yaron da ke koyo ba ya biyan Unity ko kwabo, injin kuwa mai kyau ne, masu koyar da shi sun fi yawa, kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata ma da yawa shi suke nema. Amma mai gidan da ya taɓa ninka haya da tsakar dare, ya janye don 'yan haya sun yi bore, har yanzu shi ne mai gida. Manyan 'yan haya ne suka tanƙwara shi, masu miliyoyin 'yan wasa a bayansu. Yaro ɗaya a ɗaki ɗaya a Obalende ba shi da wannan murya. Kuma duk abin da aka yanka da dala, mu nan sau biyu yake tashi: in mai kaya ya ƙara, in kuma naira ta faɗi. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024 ba ya bukatar ƙarin bayani.

To, sai Godot, wanda mutane suka ruga gare shi. Wasu 'yan Ajantina biyu ne suka fara shi, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka sake shi ga duniya a 2014 ƙarƙashin lasisin da ake kira MIT. Takarda ce gajera, ba ta cika shafi ɗaya ba. Abin da ta ce shi ne ka ɗauka, ka yi amfani, ka sāke, ka sayar, ba haya ba la'ada, illa dai ka ajiye sunan masu shi da rubutun lasisin a cikin abin da ka fitar, kuma in wani abu ya lalace kada ka kama kowa. Muhimmin abu a nan shi ne, zubin da ka riga ka karɓa a kan wannan sharaɗi ya zama naka, ba wanda zai zo gobe ya ce ya fasa. Wannan shi ne gidan kai. Sai dai kowa ya san mai gidan kansa shi ke hawa rufi in damina ta zo.

Ga yadda rufin ya yi yoyo. Ran 1 ga Maris, 2023, aka fitar da Godot 4.0, bayan shekaru ana jira. An sāke hanyar zana hoto, an sāke harshen da ake rubuta umarni da shi, an sāke sunayen abubuwa da dama. Wasan da aka gina a kan zubi na 3 ba ya buɗewa haka kawai a na 4. An tanadi wata 'yar manhaja mai juya aiki daga tsoho zuwa sabo, amma rabin hanya take kai mutum, sauran da hannu zai bi layi-layi. Waɗanda suka gudo daga Unity a watan Satumba na shekarar kuma suka tarar da wani cikas: harshen C# da suka saba da shi yana aiki a Godot 4, amma a lokacin ba a iya fitar da wasan da aka rubuta da shi zuwa wayar Android, sai da zubi na 4.2 ya fito a ƙarshen Nuwamba, shi ma a matsayin gwaji.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kayan ɗori. Ba injin da ke zuwa da komai. Mai wasa kan ɗauko ƙananan manhajoji da wasu suka rubuta ya liƙa: wannan na tsara hirar 'yan wasa, wancan na zana taswira, wancan na sa talla. Kowanne an yanka shi daidai da zubin injin da aka yi shi dominsa, kamar yadda duk wanda ya taɓa neman kayan gyara a Ladipo ya san ba kowane ƙarfen Fijo 404 ke shiga 504 ba, ko da tambarin zaki ɗaya ne. Da Godot 4 ya zo, an jefar da tsohuwar hanyar liƙa irin waɗannan kaya, mai suna GDNative, aka kawo GDExtension. Ita ma sabuwar aka sāke taɓa ta a zubi na 4.1 cikin Yuli 2023, har sai da aka sāke haɗa kayan da aka yi wa 4.0. Wa zai yi wannan aiki? Sau da yawa mutum ɗaya ne ya rubuta abin a lokacin hutunsa, ba wanda ke biyansa. In ya sami aiki, ko ya yi aure, ko ya gaji, shi ke nan, kayan ya tsaya inda ya tsaya. Ga yaronmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wasannin waya a nan ƙasar yawanci da talla suke samun ɗan abin da suke samu, Godot kuwa ba ya zuwa da hanyar talla a cikinsa, sai an ɗora ta waje. In wannan guda ɗaya bai bi sabon zubi ba, wasa zai yi aiki, amma aljihu ba zai ji komai ba.

Kada a ɗauka masu biyan kuɗi sun tsira. A kantin Unity ma akan sayi kayan ɗori da dala, mai shi ya daina kula da shi, sabon zubi ya zo ya ƙi aiki. In kuma ka tashi ƙaura zuwa wani inji, hotuna da sauti na iya bin ka in takardarsu ta yarda, amma duk abin da aka rubuta don Unity a nan za ka bar shi, kamar tayil ɗin da ka shimfiɗa a shagon haya. Har ila yau kowane kayan ɗori da tasa takardar. Inji na iya zama MIT, abin da ka liƙa masa ya zama mai lasisin GPL, wanda zai iya wajabta maka buɗe rubutun wasanka ga duk wanda ka ba wasan.

Akwai kuma batun wayoyin da ke hannun mutanenmu. Godot 3 yana da hanyar zane mai sauƙi da ke tafiya a tsofaffin wayoyi masu ƙaramin ƙarfi. Godot 4 ya ajiye ta, mafi ƙanƙantar abin da yake nema ya ɗara haka. Wanda ke ƙera wasa don mai shayi da mai gadi da ɗan acaba, waɗanda wayarsu ta hannu ce daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya kamata ya gwada a irin wayarsu kafin ya yi tsalle. Masu Godot ba su yar da tsohon ba, sun fitar da zubi na 3.6 a Satumba 2024 domin irin waɗannan mutane.

Shawarata ga samarinmu masu aiki su kaɗai ko su biyu-uku, da kuɗin aljihunsu, ita ce su gina a kan injin da ba mai iya sāke musu sharaɗi, ko da zai sa su ƙara zufa. Wanda ke neman aiki a kamfani ya koyi Unity, ba laifi, amma ya san haya yake. Kowanne aka zaɓa, kada a sāke zubi a tsakiyar aiki don kawai an ji sabo ya fito. A rubuta lambar zubin da aka fara da shi, a ajiye kwafinsa da na kowane kayan ɗori da takardunsu a wuri biyu, a rage yawan abin da ake liƙawa, wanda aka liƙa kuma a duba yaushe mai shi ya taɓa shi na ƙarshe.

Sai dai zama a kan tsoho ma yana da iyaka. Kantin Google Play kan ɗaga sharaɗinsa kusan kowace shekara, ya ce duk wanda zai sa sabon wasa ko ya gyara tsoho sai ya dace da sabon Android. A Oktoba 2025 kuma Unity ya sanar da wata kafa ta tsaro da ta shafi zubinsa tun daga na 2017, ya nemi masu wasanni su sāke haɗa su ko su liƙe kafar. Saboda haka ranar ƙaura tana zuwa ko an so ko ba a so. Abin da ke hannun yaro shi ne ya sa ta tsakanin wasa da wasa, bayan ya gwada a kwafi, ya kuma tabbata kayan tallansa da sauran abin da ya dogara da su sun riga shi isa can.